Ranar da Mahauci Ya Ga Hanjinsa

A rumfar mahautan nan ta ƙarshen kasuwa ba a fara ciniki sai an ci. Haka ubansu ya bar musu, haka suka riƙe. Da an sauke naman safe daga mota an rataye cinyoyi a ƙugiya, sai a yanko tsoka mai kitse a ɗora kan garwashi a bakin rumfa, inda kowa zai gani. Masu rumfa su ci a tsaye, maiƙo na bin yatsunsu, masu saye na kallo. Ba yunwa ce kaɗai ba, shaida ce: abin da za mu auna muku, ga shi mun fara kai wa cikinmu. Mahaucin da ya kau da kai daga wannan nama kuwa, daidai yake da ya hau teburi ya yi shela cewa saniyar yau mushe ce.

Su uku suka gaji rumfar. Akwai Babban Yaya, akwai na tsakiya wanda kasuwa ta laƙaba wa Gatari don shi ke fasa ƙashi, sai Auta, sarkin barkwanci, wanda ba ya barin kowa ya wuce bai tsokane shi ba. Babban Yaya ne ya fara tafiya. Da hantsi, yana cikin auna wa wata mata nama, ya dafe ƙirji, ya ce "wash," ya zame a gindin kututturen sara. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce kitse ne ya toshe jijiyoyin zuciyarsa. Gatari bai buƙaci dogon bayani ba, shi da ya sha riƙe zuciyar bijimi a tafin hannu, kitse ya naɗe ta har ba a ganin janta. Irinta ma masu saye suka fi so.

An ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. To, ba a wannan rumfa ba! Ana gama karɓar gaisuwa suka hura garwashinsu.

Shi Gatari dama cikinsa a ɗaure yake tun yana saurayi. Ya yi kwanaki bai zaga ba, ba komai ba ne a wurinsa, har alfahari yake yi wai cikin namiji ba ya zubar da abinci a banza. Nama da safe a rumfa, nama da rana, ya koma gida da ragowar da ba ta fita ba a dafa masa da yamma. Ganye kuwa na awaki ne. 'Ya'yan itace na birai ne da masu jinya. Haka yake faɗa wa Inna Mai Lemo, tsohuwar da teburinta ke jingine da rumfarsu, duk ranar da ta miƙo masa yankan gwanda.

"Inna, kin taɓa ganin zaki a gindin mangwaro yana jiran ya faɗo?"

"Ban taɓa ba, ɗan nan. Amma ban taɓa ganin tsohon zaki a kasuwa ba, ga ni kuwa na binne sa'o'in ubanku."

Auta ya tuntsire da dariya, ya ce Inna ta yi wa Yaya yankan ƙauna. Haka ake yi kusan kullum.

Sai wata safiya Gatari ya shiga bayan gida, ya waiga, ya ga ja.

Nan da nan ya lallashi kansa. Basir ne. Wane namiji ne ba shi da basir? Ya kora ruwa ya fita aikinsa. Abin ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Da ya dawo na gaba ba ja mai haske ba ne, ya yi duhu, ya cakuɗe da bahayar. Bahayar kanta ta sirance, kuma in ya tashi sai ya ji kamar bai gama ba, kamar akwai abin da ya tsaya a hanya. Daga nan lallashi ya daina aiki.

Wani mutum zai tsorata ne don bai san abin da ke cikinsa ba. Gatari ya tsorata don ya sani, ko kuwa yana ganin ya sani. A mayanka, bayan an fasa cikin saniya, malamin duba nama yakan ja hanji ta tsakanin yatsunsa, yana ja yana hira da mutane. In yatsun suka ci karo da ƙulli, hirar takan tsaya. Ya tsaga wurin da wuƙa, ya leƙa, ya yamutsa fuska, sai ya tattare kayan cikin gaba ɗaya ya jefa cikin shuɗiyar ganga. Abin da ya shiga gangar nan ba ya fitowa. Gatari ya sha tsayawa a kai yana tsaki don asara. Yanzu kuwa in yana wanka sai ya danna mararsa da yatsu, yana laluben ƙulli, gumi na keto masa duk da sanyin ruwa.

Bai faɗa wa kowa ba. Ina zai fara? Ya ce wa matarsa me? Ita da har yanzu in ya yi tari sau biyu sai ta fito daga ɗaki da gudu, tun rasuwar Babban Yaya. Maimakon haka sai ya yi lissafi irin na mahauci: jini ne ke fita, to da jini za a mayar. Ya ƙara yawan abin da ake ɗorawa a garwashi, ya haɗa da hanta, yana cinta da sauran ja a ciki. Ya riƙa kai ƙunshi biyu gida maimakon ɗaya.

"Baban yara, wannan hanta haka kullum? Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Marmari nake."

"Marmari ba ya sa leɓen mutum ya yi fari. Dube ka fa. Hawa matakalan nan ma sai ka tsaya ka huta."

"Tsufa ne. Ke dai soya."

Ta soya, tana kallonsa ta gefen ido. Shi kuma ya tura loma yana addu'a a zuci Allah ya sa kowace tsoka ta zama jini.

A bayan rumfa akwai wani ɗan bayan gida da suka gina wa kansu, mai ƙofar kwano da kwaɗo. Mabuɗin na rataye a ƙusa, ba mai taɓa shi sai su biyu. Wata safiya, bayan an sauke nama, Gatari ya buɗe ya shiga, sai ya ga jini a gefen ramin, baƙi-baƙi, ya fara bushewa. Innalillahi! Wato jiya da yamma ya fita bai kora da kyau ba? Ya tabbata ya kora. To amma ga shi. Ya durƙusa, ya ɗebo ruwa, ya kama gogewa da tsintsiya kamar wanda ya yi kisa, yana goge yana kasa kunne ko Auta na kusa.

Da ya fito bai iya haɗa ido da ƙanensa ba. Abin da ya ƙara kaɗa masa hanta shi ne Auta ma bai kalle shi ba. Yana can bakin garwashi yana juya nama, yana tsokanar masu wucewa da murya fiye da ta kullum. Shi ke nan, Gatari ya ce a ransa, yaron nan ya gani. Ya gani ya yi shiru don kunya. Daga ranar sai suka koma kamar surukai, kowa na kauce wa kowa a rumfar da ba ta fi ɗaki ɗaya ba. Don ya rufe bakin zance, Gatari ya riƙa tura wa Auta rabi daga hantarsa.

"Ci, ka ga ka fara zama sanda."

"Yaya, ai gayu ne. Matan yanzu ba sa son tumbi."

Haka watanni suka shuɗe. Gatarin da yake ɗagawa da hannu ɗaya ya koma sai da biyu. Zuciyarsa ta koyi wani sabon bugu, fat-fat-fat, ko yana zaune. Duk lokacin da ta yi haka sai idonsa ya kai gindin kututturen sara, inda Babban Yaya ya zame. Tsoro ya zama biyu: na sama a ƙirji, na ƙasa a mara, bai san wanda zai riga kai shi ƙasa ba. Yakan kalli 'yarsa ƙarama tana ɗaura ɗankwali za ta makaranta, sai ya ji hawaye na neman zubo masa, ya daka mata tsawa ta yi sauri don kada ta lura.

Ranar da asiri ya tonu, kasuwa ta cika. Ya ɗaga gatari zai fasa ƙashin cinya, sai rumfar ta juya. Cinyoyin da ke rataye suka yi sama, ƙasa ta taso. Ya ji gatarin ya suɓuce ta bayansa, ya ji gwiwoyinsa sun naɗe, sai ga shi zaune a gindin kututturen, daidai wurin. Ya dafe ƙirji. A ransa ya ce, ashe haka Babban Yaya ya ji. Ya fara kalmar shahada.

Mata suka sa salati. Inna Mai Lemo ce ta ture mutane ta iso, ta durƙusa, ta sa babban yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa.

"La'ilaha illallahu! Ɗan nan, idonka fari fat kamar auduga. Ina jininka ya tafi? Kai Auta, tsayuwar me kake yi? Nemo mota!"

Auta na tsaye da wuƙa a hannu, ya ƙame, bakinsa a buɗe. Sai da Inna ta sake daka masa tsawa sannan ya zabura.

A asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka ɗaura masa abin awo a dantse. Matarsa ta iso mayafi a karkace, takalmi wari da wari. Likitan mace ce, mai magana a hankali. Ta ce zuciyar ba ta tsaya ba, amma tana shan wahala ta hanya biyu. Jininsa ya hau, kitse ya yi yawa a cikinsa, wannan kuwa shi ne hanyar da wansa ya bi. Sannan yawan jinin da ke jikinsa ya yi ƙasa ƙwarai, shi ya sa zuciyar ke gudu don ta kai ɗan abin da ya rage ko'ina.

"Mutumin da ke cin nama kamar yadda ka faɗa bai kamata jininsa ya yi ƙasa haka ba," in ji ta. "Sai dai in yana zuba ta wani wuri. Malam, kana ganin jini in ka zaga?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gatari ya kalli silin, ya kalli ƙafafunsa, ya ce, "Ina gani."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Matarsa ba ta yi kuka nan take ba. Ta juyo ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Wato hantar da nake soya maka ke nan? Ina tsaye a kan wuta kullum, ashe rami nake taya ka haƙawa? Baban yara, me na yi maka da za ka bar ni da yara ba ko sallama?"

Likita ta ce hanta ba ta toshe inda ke yoyo, kamar mai zuba ruwa ne a tulun da ya tsage. Dole a leƙa hanjin a ga tsagar.

Aka ƙara masa jini, aka sa rana. Kafin ranar aka hana shi abinci, aka ba shi wani ruwan magani ya yi ta sha yana zagawa har abin da ke fita ya zama ruwa zalla. Shi da ya wanke hanjin shanu ba adadi, yau ga shi yana wanke nasa don wani ya duba. Da Auta na kusa da ya yi barkwanci da wannan. Amma Auta sau ɗaya ya leƙo asibitin, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce rumfa ba kowa, ya juya.

Aka kwantar da shi a gefe ɗaya, aka yi masa allurar da ta sa jikinsa ya saki, amma idonsa biyu. Ga allon na'ura a gabansa. Likita ta tura siririyar igiya mai fitila da kyamara a kai cikin hanjinsa, sai ga hanya ta buɗe a allon, ja-ja, mai sheƙi, mai lanƙwasa. Gatari ya gane ta nan take. Lafiyayyen hanji ne, irin wanda malamin duba nama ke wucewa bai daina hira ba. Ya fara jin sanyi a ransa. Igiya na tafiya, likita na magana da mai taimaka mata a kan wani abu daban.

Sai hirar ta tsaya.

Ƙulli yana nan a jikin bangon hanjin, ya turo kai cikin hanya, gudaji-gudaji, bakinsa na tsattsafar da jini. Gatari ya san wannan shirun. Ya sha tsayawa a cikinsa a mayanka.

"Likita," ya ce, harshensa ya yi nauyi, "ganga ce ko?"

"Wace ganga?"

"Inda ake jefa wanda ya lalace."

Sai ta fahimta. Ta ce, "Malam, mutum ba saniya ba ne. Mu ba ma zubarwa. Zan tsinko kaɗan a auna, mu san ko wane iri ne da kuma inda ya kai."

Jiran sakamakon nan ya fi komai ɗaci. Yana gida a kwance, ba rumfa ba gatari. Matarsa ta daina yi masa faɗa, wannan ma ya fi faɗan tsoratar da shi. Takan yanka gwanda da kankana ta ajiye a gabansa, Inna ce ke aikowa kullum. Ya ɗauka ya tauna, abin ya yi masa lami kamar ruwa, ya haɗiye. In ya rufe ido sai ya ga gudajin nan yana girma. Ya kira Auta a waya ya fi a ƙirga, kullum amsa ɗaya: ciniki ya yi yawa, Yaya, zan shigo.

Da suka koma, likita ba ta yi kwana-kwana ba. Mugun ne, ciwon daji. Matarsa ta damƙe hannunsa har farcenta ya shige. Amma, in ji likita, hotuna sun nuna bai fasa bangon hanjin ya bazu ba. Za a yanke wannan yanki a haɗa bakin biyu a ɗinke, a ci gaba da bibiya. Da ya ƙara wasu watanni yana jinyar kansa da hanta, da wata magana ake yi yanzu.

"Naman ne ya jawo?" Gatari ya tambaya.

"Ba zan rantse maka cewa shi kaɗai ba ne. Akwai gado, akwai shekaru. Amma jan nama safe da rana da yamma, mai kitse, wanda wuta ta babbaka, ba ganye ba 'ya'yan itace da za su share hanya, shekara da shekaru, wannan yana ƙara haɗari ga hanji, yana ƙara wa zuciya. Ban ce gwanda magani ba ce, ba za ta cire abin da ya riga ya fito ba. Amma daga yau ita ce abokiyarka, nama kuma ya zama baƙo. Sannan kana da 'yan'uwa da kuka fito ciki ɗaya?"

"Saura ɗaya."

"Ka turo shi a duba shi, ko da yana jin garau."

Aka yi aikin. Ya farka da ɗinki a ciki da ƙishi kamar zai mutu, amma ya farka. Aka ce an cire duka, gefunan sun fita da tsabta. Matarsa ta yi sujada a tsakiyar ɗakin jinya, ba ruwanta da masu kallo. Ya yi makonni a gida yana koyon tafiya a hankali, yana koyon cin wake da ganye da lemo, yana mamakin yadda mutum zai zaga kowace safiya ba tare da yaƙi ba. Tsoro bai tafi duka ba, ya dai koma gefe ya zauna.

Ranar da ya koma kasuwa, da sassafe ya isa. An rataye nama, garwashi ya yi ja, masu saye sun fara taruwa. Aka yi ta barka da arziki. Auta ya rungume shi, sai Gatari ya ji ƙasusuwan kafaɗa a ƙarƙashin riga, amma hayaniya ta ɗauke masa hankali. Auta ya tsamo tsoka daga wuta, kitse na tsiyaya, ya miƙo masa a tsinin wuƙa kamar yadda aka saba. Kowa ya zuba ido.

Gatari ya kalli naman. Yawunsa ya tsinke, ba ƙarya. Ya san kuma abin da ƙin karɓa ke nufi a wannan rumfa. Ya juya ya ce, "Inna, yanko mini gwanda."

Inna ta yanko, ko tsokanar zaki ba ta yi ba. Ya karɓa ya ci a tsaye a bakin rumfa, ruwan na bin gemunsa, sannan ya ɗaga murya.

"Jama'a, naman nan lafiyarsa ƙalau, ni na duba shi da idona. Ni ne ba lafiya. Na ci abin shekara ɗari a shekara hamsin, an yanke mini hanji. Ku saya ku ci, amma kada ku ci irin cin da na yi. Wanda kuma ya ga jini in ya zaga, kada ya ce basir ne ya zauna."

Wata mata ta ja 'yar jakarta ta wuce rumfar gaba. Wani dattijo ya yi dariya ya ce mahauci ya zama malamin asibiti. Saura suka tsaya aka auna musu. Gatari ya ji wani nauyi ya sauka daga kansa. Sai da layi ya ragu ya lura tsokar nan na nan a tsinin wuƙa, a kan teburi, ta sandare. Auta ma bai ci ba.

Ya zaga baya don ya wanke hannu. Yana tsaye a bakin ɗan bayan gidan nan sai ya ji taku. Auta ne, ya jingina da kwanon ƙofa, yana murza gefen rigarsa.

"Dama ina nemanka," in ji Gatari. "Likita ta ce kai ma ka je a duba ka. Ba wani abu ba ne, rigakafi ne kawai."

"Yaya."

"Na'am."

"Naka jinin, da ka ce kana gani. Ja ne ko baƙi?"

Gatari ya tsaya da ruwa a hannu. Ya dubi ƙanensa, duban da rabonsa da yi masa tun kafin ya fara ganin jini. Wuya ya zama siriri. Leɓe fari. Bel ɗin wando an huda masa sababbin ramuka da tsinin wuƙa, har wutsiyarsa na lilo.

"Me ya sa kake tambaya?"

"Ranar nan da ka shiga kana goge wurin nan da tsintsiya, ina tsaye a nan ina jinka." Muryar Auta ta karye. "Ba naka ba ne, Yaya. Nawa ne. Na ɗauka ka gane ka rufa mini asiri, shi ya sa kake ba ni hantarka."

Ƙasa ta sake juyawa da Gatari, sai da ya dafa bango. Duk watannin nan yana kauce wa idon yaron nan, yaron na kauce wa nasa. Duk hantar da ya tura masa. Duk "zan shigo" ɗin da aka yi ta faɗa masa a waya.

"Tun yaushe?"

"Tun ba a daɗe da rasuwar Babban Yaya ba."

Wato ya riga nasa, da nisa. Kalmar likita ta dawo masa a kunne: da ya ƙara wasu watanni, da wata magana ake yi.

Bai yi faɗa ba, ba ƙarfin faɗa. Ya ɗauki bokitin ruwan ya fito gaba, ya sheƙa a kan garwashi. Hayaƙi da toka suka tashi, masu saye suka ja da baya suna tambayar lafiya. Ya jawo ƙofar rumfa ya rufe, cinyoyi na rataye a ciki, ciniki na tsaka. Ɗinkinsa ya amsa, bai kula ba.

"Yaya, nama zai lalace."

"Ya lalace."

Inna ta dube su su biyu, ta ɗora hannu a ka. Gatari ya kama wuyan hannun Auta kamar lokacin da yake kai shi makaranta, ya ja shi har bakin titi. Hannun sanyi ƙalau, yatsunsa sun zagaye shi har da saura.

A cikin mota Auta ya kafa wa taga ido. Sai da ginin asibiti ya bayyana ya juyo, idonsa cike da ruwa.

"Yaya, nawa ma za su iya yankewa su haɗa, ko?"

Gatari ya buɗe baki. Shekara da shekaru yana bayan teburi, bai taɓa cewa nama lafiya ba sai ya ga cikinsa da idonsa. Ya ƙara damƙe hannun.

"Mu dai je," ya ce.